Mai Ƙaramin Guzuri A Birnin Faris

Duk wanda ya sauka Faris, babban birnin ƙasar Faransa, da guzurin da ya canjo daga Naira, abin da zai fara koya shi ne lissafi. A shekarar 2024 Yuro ɗaya ya haura Naira 1,500, watau ke nan farantin abinci na Yuro 20, wanda ɗan gari ba ya ko ɗaga ido a kansa, ya wuce Naira 30,000. Ɗalibi, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin da aka tura kwas na mako biyu, in ya riƙa cin irin wannan sau biyu a yini, kafin ranar komawa ta zo sai ya tarar aljihu ya yi fayau. Shi ya sa wasu kan kulle kansu a masauki da garin rogo da ƙuli-ƙulin da suka ƙunso daga gida, har su dawo ba su san ɗanɗanon girkin ƙasar ba.

To, amma waɗanda suka daɗe a garin sun shaida cewa yawancin abin da ke cinye kuɗin baƙo kunya ce da rashin tambaya. Faris gari ne mai tsada, babu musu, sai dai kuma gari ne da ya daɗe yana ciyar da lebura da ɗalibi da ɗan ci-rani, har dokarsa da al'adarsa suka buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofofi da dama. Matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ƙofa ta fari ita ce doka. Wajibi ne kowane gidan abinci ya kafa jerin farashinsa a waje inda mai wucewa zai gani, saboda haka babu dalilin da zai sa mutum ya zauna kafin ya san abin da zai biya. Farashin nan kuwa ya haɗa da haraji da ladan mai kawo abinci, don haka tukwici ganin dama ne, wanda ya tashi bai bar ko anini ba bai yi laifi ba. Bugu da ƙari, tun shekarar 1967 doka ta sa burodi da ruwan famfo cikin kuɗin abincin. A nan ne baƙo ya fi faɗawa rami. Mai kawo abinci zai tambaye shi cikin ladabi ko ruwa mai gas yake so ko maras gas, alhali kuwa duka biyun na kwalba ne, ana iya cajinsa Yuro 5 ko fiye. Abin da zai ce shi ne "une carafe d'eau", sai a dire masa ɗan tulun gilashi kyauta, kamar yadda ake dire wa attajirin da ke tebur na kusa. Haka nan tun watan Yuli na 2021, wanda ya rage abinci yana da haƙƙin a ƙunshe masa ya tafi da shi.

Ƙofa ta biyu ita ce sanin lokaci da wuri. Tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 2 na rana a ranakun aiki, yawancin gidajen abinci kan fitar da abin da suke kira "formule", watau kala biyu ko uku a farashi guda, domin ma'aikatan ofis. Abincin da aka sayar da rana da rangwame, in dare ya yi sai farashinsa ya tashi. Mai dabara sai ya mai da kalacin rana babban cinsa, da dare ya yi ɗan taɓe-taɓe. Kofin gahawa ma farashi biyu gare shi a wurare da yawa: wanda ya sha a tsaye bakin kanta ya fi samun sauƙi a kan wanda ya zauna a kujerun bakin titi. Sa'an nan duk gidan da ke fuskantar hasumiyar Eiffel ko babban titin Champs-Élysées, kuɗin kallo ake haɗa wa mutum da na ci.

Ƙofa ta uku tsohuwa ce ƙwarai. A tsakiyar ƙarni na 19 wani mahauci mai suna Pierre-Louis Duval ya ga naman da masu hali ba sa saye yana yi masa kwantai, sai ya soma dafa shi da romo yana sayar wa leburorin babbar kasuwar Les Halles. Daga kalmar romo a Faransanci, "bouillon", irin waɗannan gidaje suka samo sunansu, kafin shekarar 1900 kuwa sun haura 200 a cikin birnin. Mafi shahara cikin waɗanda suka tsira shi ne Chartier, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka buɗe a 1896 a titin Faubourg-Montmartre. Babban zaure ne mai madubai da fitilu tamkar fada, amma sai an bi layi, a zaunar da mutum tebur ɗaya da wanda bai sani ba, mai kawo abinci ya rubuta abin da aka ce a kan takardar da aka shimfiɗa wa teburin, a kanta kuma zai yi lissafi. A shekarun nan an sha romo a can a kan Yuro 1, dafaffen ƙwai wajen Yuro 2, mutum na iya cin kala uku bai kai Yuro 20 ba. Tun daga 2017, sa'ad da aka buɗe wani sabo a unguwar Pigalle, wannan sana'a ta sake farfaɗowa, domin tsadar rayuwa ta koya wa 'yan gari ma bin layi.

Ƙofa ta huɗu unguwannin baƙi ne. Wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 ya sauka tashar Château Rouge, zai iske kasuwar titin Dejean cike da doya da kuɓewa da manja da busasshen kifi, da ƙananan gidajen abinci na mutanen Senegal da Mali da Kamaru, inda ake zuba shinkafa da miyar gyaɗa malmala guda da za ta riƙe mutum yini. A Barbès da Belleville akwai kuskus na mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya. A La Chapelle, bayan tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord, Tamilawan ƙasar Siri Lanka suna sayar da shinkafa da miyar ganye da wake da araha. Mutanen Nijar da suka iya harshen, su ne suka fi saurin gane waɗannan lunguna.

Ɗalibi kuma yana da tasa ƙofar ta musamman. Hukumar kula da jin daɗin ɗalibai da ake kira CROUS, wadda aka kafa a 1955, tana da ɗakunan cin abinci a kusa da jami'o'i. A 2024 cikakken abinci a can Yuro 3 ne da santim 30, tun 2020 kuwa aka soma sayar wa ɗalibai marasa ƙarfi a kan Yuro 1. Ɗalibin da ya ƙi zuwa ya bayyana halinsa don kada a ce talaka ne, ya cuci cikinsa, girman kai kuwa rawanin tsiya ne.

In abin ya matsa, akwai dogon burodin nan nasu da ake kira "baguette", wanda ba ya wuce Yuro 1 da 'yan santim. A haɗa shi da cuku da tumatir daga kasuwar Barbès, wadda ke ci ran Laraba da Asabar, musamman gab da tashi sa'ad da 'yan tebur ke karyar da kaya, a nemi benci a lambun gari a zauna. Faransawa da kansu haka suke yi, babu mai kallon kowa. Ruwan sha kuwa yana nan a korayen famfunan ƙarfe da wani Bature ɗan Ingila, Sir Richard Wallace, ya soma kafawa sadaka a 1872, bayan yaƙin da Faransa ta yi da Jamusawa ya bar talakawan birnin cikin ƙishirwa. Sun haura 100, sai dai akan rufe su da hunturu don kada ƙanƙara ta fasa bututu.

Musulmi yana da ƙarin abin lura, domin naman alade yana cikin nama mafi araha a ƙasar. Kalmomin "porc" da "jambon" da "lardons" da "saucisson" duk shi suke nufi, wasu miyar naman sa kuma da giya ake dafa su. Kifi da ƙwai da ganye sun fi kwanciyar rai, in ba a gidajen da suka rubuta halal a ƙofa ba.

Akwai kuma wanda abin nasa ya wuce tsimi ya kai ga yunwa. Saboda irinsu ne wani ɗan wasan barkwanci mai suna Coluche ya kafa ƙungiyar Restos du Cœur a 1985. A hunturun farko ta raba abinci sau miliyan 8 da rabi, a kakar 2022 zuwa 2023 kuwa adadin ya kai wajen miliyan 170. Wannan rabon mabukata ne, bai kamata mai guzuri ya shiga layinsu don rowa ba, haka nan wanda ya rasa bai kamata ya kwana da yunwa don kunya ba.

Daidai ruwa daidai tsaki. Baƙon da ya karanta allon farashi kafin ya shiga, ya nemi ruwan famfo da babbar murya, ya ci da rana inda leburori da ɗalibai ke ci, zai ƙoshi, ya kuma dawo gida da canjin tsarabar yara. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya.