Yaushe Ya Halatta Uwa Ta Kama Hannun Ɗa A Shafin Intanet?

Masu gina shafukan intanet a wannan zamani ba su zuba shafi gaba ɗaya kamar mai zuba kankare. Ɓangare-ɓangare su kan yi shi, kowane da aikinsa: wannan akwatin rubuta suna, wancan maɓallin aikawa, wancan kuwa tagar kallon bidiyo. Babban ɓangaren da ya ƙunshi ƙanana su kan kira shi uwa, ƙananan kuma 'ya'ya. To, tambayar da ta fi ɗaure wa masu koyo kai ita ce, ta wace hanya uwa za ta sa ɗa ya aikata wani aikin da shi kaɗai ya ke riƙe da shi?

Bari mu ɗauki misali. Ga shafin biyan kuɗi, mutum ya cika kome ya manta lambar wayarsa, ya danna maɓallin aikawa. Uwa ce ta duba ta ga an bar gurbi. Abin da ya dace shi ne alamar nan mai ƙiftawa ta koma cikin akwatin lambar waya nan take, kada mutum ya yi ta lalube. Amma fa akwatin na ɗa ne, uwa ba ta da hannu a cikinsa.

A tsarin React, wanda kamfanin Facebook ya sakar wa jama'a a 2013, ƙa'idar gida ita ce bayani daga sama ya ke gangarowa. Uwa ba ta cewa ɗa yi kaza, sai dai ta sanar da shi halin da ake ciki, shi kuwa ya daidaita kansa. In ɗa yana da magana, ya aika da sanarwa sama. Lalle wannan ƙa'ida ce mai kyau, domin ran da shafi ya rikice mai gyara ya san inda zai fara bin sawu.

Sai dai ba kowane abu ne hali mai ɗorewa ba. Mayar da alamar rubutu cikin akwati, da kunna bidiyo, da gangarar da shafi zuwa wani layi, duka ayyuka ne na ƙiftawar ido. Na sha ganin masu koyo suna ƙoƙarin tura irin wannan ta hanyar saƙon i ko a'a. Karo na farko saƙo ya juya daga a'a zuwa i, ɗa ya motsa, kowa ya yi murna. Karo na biyu mutum ya sake mantawa, saƙo kuwa tun ɗazu yana kan i, babu abin da ya sauya, ɗa ya yi zamansa. Daga nan sai su shiga ƙirga lamba, ɗaya, biyu, uku, don kawai ɗa ya ga canji. Wannan wahala ce ba dabara ba.

Don irin wannan ne aka tanadi linzami. A React sunansa useRef, ya zo ne a 2019 tare da fitowa ta 16.8. Uwa ta kan ƙulla shi ta miƙa wa ɗa, shi kuma ɗa ya yi amfani da useImperativeHandle ya zaɓi ayyukan da ya yarda a taɓa, watau ya buɗe ƙofa ɗaya ya kulle sauran. A da sai an naɗe ɗan cikin forwardRef kafin linzamin ya isa gare shi, amma tun fitowa ta 19, a watan Disamba na 2024, an sauke wa masu gini wannan nauyi. A Angular na kamfanin Google ana kamo ɗa da ViewChild, sai dai can uwa tana ganin duk aikin da ɗa bai ɓoye ba. A Vue 3 kuwa, ɓangaren da aka rubuta da script setup a rufe ya ke, sai abin da ya fitar da defineExpose.

Tarko na farko shi ne gaggawa. Kafin a zana ɗa a kan shafi linzamin fanko ne, wanda ya ja shi a lokacin sai shafi ya tsaya da kuskure. Shi ya sa a Angular a kan jira ngAfterViewInit. Haka nan ɗan da a kan cire a kuma mayar bisa wani sharaɗi, tilas a duba yana nan kafin a kira shi.

Tarko na biyu ya fi muni, domin ba ya ihu. A ce ɗa yana ajiye adadin kuɗi a wurinsa, uwa ma tana da nata kwafin, naira 5,000. Mai biya ya fasa, uwa ta ja linzami ta ce wa ɗa ya goge. Akwati ya zama fari fat, amma ba wanda ya taɓa kwafin uwa. Mutum ya ga babu kome a gabansa, ya danna maɓalli bisa kuskure, naira 5,000 ta tafi. Wa zai gaya masa cewa laifin na magini ne?

A ganina, duk abin da za a iya tambaya a ce nawa ne, ko a buɗe ya ke ko a rufe, bai kamata a taɓa shi da linzami ba. Adadin kuɗi ya zauna wurin uwa ita kaɗai, ɗa ya riƙa nunawa kurum. In ta share nata, akwati ya share da kansa. In kuwa so ake ɗa ya koma sabo fil, a React da Vue akwai lambar shaida da ake kira key. Uwa ta sauya ta, sai a jefar da tsohon ɗan tare da duk abin da ya ajiye, a zana wani a gurbinsa.