KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ran nan malamin tarihi ya nuna mana hoton wani gida a jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, a bakin kogin Misisipi. Sunan gidan Oak Alley. Duk 'yan ajinmu sai da muka riƙe baki don kyansa.

Bene ne, an fara gina shi a 1837, aka gama a 1839, don wani attajiri mai gonar rake, Jacques Roman. Ginshiƙai 28 ne suka kewaye shi, irin na gine-ginen Girkawan dā, daidai da manyan itatuwa 28 da ke jere a hanyar shiga. Ginshiƙan suna ɗauke da baranda mai faɗi wadda ke tare rana, domin ƙasar akwai zafi. Da bulo aka yi su, aka shafe har suka yi kama da dutse.

To, amma wa ya buga bulon nan? Bayi ne baƙar fata, zuriyar waɗanda aka kwaso daga Afirka. Su ne kuma suka noma raken da ya kawo kuɗin ginin, alhali suna kwana a 'yan ɗakunan katako. Cikinsu akwai wani mai kula da lambu, Antoine, wanda wajen 1846 ya gano yadda za a yi wa itacen pikan aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Irin nasa ya ci kyauta a 1876, amma ko sunan mahaifinsa ba a rubuta ba. Sai a 1865 aka haramta bauta a duk Amurka.

A ganina bai kamata a rushe irin waɗannan gidaje ba, domin shaida ce. Amma duk wanda zai yabi ginshiƙan, wajibi ne ya ambaci waɗanda suka tsai da su. Masu kula da gidan sun gane haka, har sun sāke gina ɗakunan bayin don baƙi su gani.

Kada kuma mu zagi Amurkawa mu manta da kanmu. A ƙasar Hausa ma an yi rinji, inda bayi ke noma wa iyayengiji. Ina roƙon iyayenmu su faɗa mana wannan tarihin ba ɓoye-ɓoye. Allah ya sa mu gane, amin.