Tsoron Gobe da Masu Ninka Kuɗi

Akwai wata magana da ta daɗe tana damun mu a ziyarar da muke kai wa ƙananan ikilisiyoyinmu, mun kuwa ga ya kamata mu faɗe ta a fili a wannan fitowa, ko da za ta sosa wa waɗansu rai. Maganar ita ce ta masu ninka kuɗi, da yadda suke samun ƙofar shigowa cikinmu.

Abin ba sabo ba ne. Da yawa za su tuna da MMM, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro. An yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, sai ga shi a watan Disamba na 2016, ana dab da Kirsimeti, aka kulle asusun jama'a. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX ya rushe, shi da ya yi alkawarin mayar wa mutum kuɗinsa ninki biyu cikin kwana 30, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Hanyarsu duk ɗaya ce: da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya. Ba gona, ba shago, ba kayan sayarwa. Ran da sababbin shiga suka ragu, ran nan ƙofa take rufewa.

Ku ɗauki alƙalami ku gwada. Naira dubu 100 in tana ninkuwa kowane wata, a shekara guda za ta wuce naira miliyan 400. Wane cinikin hatsi ko na shanu ne ya taɓa ba da wannan? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Amma cikin waɗanda suka faɗa akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, har da masu aikin bishara, mutanen da lissafin nan bai fi ƙarfinsu ba.

Za a ce kwaɗayi ne, lalle akwai shi. Mu dai abin da muka fi gani a zaman da muka yi da waɗanda abin ya shafa shi ne tsoro. Mutum ya sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kuɗinsa a banki amma ya kasa sayen mudun masara. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Ya ga ɗan abin da ya ajiye yana narkewa a hannunsa kamar gishiri a ruwa. Mu kuma da muke zaune 'yan kaɗan a garuruwan da muke, akwai wani tsoro na dabam da ba mu cika faɗa ba. Wani yakan ce a ransa, in na gina shago ko na dasa mangwaro, wa ya san ko zan kai baɗi a garin nan? Wani kuwa gonarsa tana nan, amma 'yan bindiga sun hana shi zuwa. Mai irin wannan zuciya ba ya son abin da zai ɗauki shekara biyar. Na kwana 30 yake nema, masu zamba kuwa sun san haka sarai.

Abin da ya fi ba mu baƙin ciki shi ne ta inda suke shigowa. A ikilisiya mai mutum arba'in ko sittin kowa ya san kowa, amana ce take riƙe da mu. Wata gwauruwa a ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu ta sayar da akuyoyinta ta zuba a wani irin kamfanin nan, ba don ta gane yadda yake aiki ba, ko wayar da ake yin abin da ita ba ta da shi. Wanda ya kawo mata maganar yana cikin mawaƙa, ta kuma ji shi ya tsaya ran Lahadi yana ba da shaida cewa Ubangiji ya buɗe masa ƙofa. Shi ma ba da mugun nufi ya yi ba, nasa kuɗin ma sun tafi. Amma yau ba sa gaisawa, kuma dukansu biyu suna zuwa cin Jibin Ubangiji. Mu shugabanni da muka ba shi damar tsayawa a gaba ba tare da mun tambayi wace irin ƙofa ce ba, muna da namu laifin.

Sa'ad da Ubangiji ya yi magana a kan damuwa a Matiyu sura 6, da mutane yake magana waɗanda abinci da sutura suka dame su da gaske, ya kuwa haɗa maganar da ta bautar dukiya a wuri guda. Bai hana tanadi ba. Yusufu a Masar ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara bakwai, a hankali, a rumbunan da kowa yake gani. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Timoti a kan masu ɗokin yin arziki da tarkon da suke faɗawa. Wanda ya tabbata Ubansa na sama ya san bukatarsa yana iya jira, yana iya yin tambaya, yana iya cewa a'a ko da maƙwabcinsa ya sayi sabon babur.

Sai dai ba daidai ba ne mu ce wa mai jin yunwa kada ya ji tsoro, mu juya mu tafi. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni a kan rabon abincin gwauraye, mutum bakwai aka zaɓa su tsaya a kan aikin. Ikilisiyoyinmu da dama suna da asusun gwauraye da marayu a takarda kawai. Zumuntar Mata kuwa, Allah ya sa musu albarka, sun daɗe suna adashe da tara hatsi lokacin kaka, maza ya kamata su je su koya.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su sa maganar nan a zamansu na gaba. Kada a yarda a yi tallar wani zuba jari a lokacin sanarwa ko na shaida, ko a dandalin WhatsApp na ikilisiya. Kada kobo ɗaya na baiko ko na ginin majami'a ya shiga irin wannan wuri, a kuma riƙe kuɗin ikilisiya da sa hannun mutum biyu ko uku, yadda Bulus ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa wajen kai gudunmawa a 2 Korintiyawa sura 8. A sanar da jama'a cewa dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan harka, har da hukuncin ɗauri, kuma duk kamfanin da ke karɓar jarin mutane dole ya yi rajista da hukumar SEC.

Waɗanda suka riga suka yi asara kuwa, yawancinsu kunya ta hana su magana, waɗansu har sun daina zuwa sujada. A aiki dattawa biyu su same su a gida, a ɓoye, su ji nawa ne bashin da ke kansu da kuma ko yara suna makaranta.