Sa Hannu Shaida Ne



Ku sani a 1973 hukumar ITF ta kafa tsarin da ɗaliban injiniya da na ɗakin awo za su bar aji, su yi watanni suna aiki a hannun gwanaye. Likita ma, in ya ƙare karatu, sai ya shekara ƙarƙashin manyan likitoci kafin a sakar masa aiki.

Yaranmu na Kwalejin Waziri Umaru da sauransu akan ba su littafi su rubuta aikin kowace rana, ubangidan aiki ya sa hannu. To, ga inda ɓarna take: wani uba kan roƙi abokinsa ya sa hannu, alhali yaro na kwance gida. Wannan shaidar zur ce.

Wanda bai taɓa duba jini da madubi ba, ƙaƙa zai gane ƙwayar zazzaɓi? Kuskurensa kan majinyaci zai faɗa, watakila ɗanka ne. Wanda bai kwance inji ba, ƙaƙa zai tayar da injin ban ruwa a fadamar Rima?

Malam ba ya barin almajiri ya wanke allo sai ya biya. Falke ba ya ba yaro jari sai ya bi ayari. Saboda haka kada ku roƙi sa hannu, kada ku sa wa wanda bai yi aiki ba.

Haza wassalam.