Tallafin Karatun Lauya: Da Sanyin Safiya Ake Kama Fara

Kowace shekara akan sami yaro ko yarinya mai ƙwazo a ikilisiyoyinmu da ke marmarin karatun lauya, amma iyaye ba su da hali. Sai mu ce a nemi tallafi, mu yi addu'a, mu watse. A ganinmu wannan bai isa ba. Cikakken tallafi, wanda zai ɗauke kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, shekaru ake yi ana shirya masa, kuma shirin nan nauyi ne a kan ikilisiya duka.

Mu fara da sanin tsawon hanyar. A Najeriya yaro yakan yi shekara 5 a jami'a, sa'an nan ya tafi Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962. Hedkwatarta tana Bwari a Abuja, tana kuma da rassa, har da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola. Sai ya ci jarrabawar wannan makaranta kafin a rantsar da shi lauya. Nan ne 'ya'yan talakawa suka fi maƙalewa: an gama jami'a da ƙyar, ga kuɗin makarantar a dunƙule, ga littattafai, ga riga da hular lauya.

Masu ba da tallafi ba hawaye suke dubawa ba, takarda suke dubawa. Saboda haka tun daga sakandare a tabbata yaro ya ɗauki Adabin Turanci, gama ba a shiga sashen shari'a ba tare da shi ba. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, masu neman gurbin lauya kuwa da yawa suke, sai mai maki sama. Kafin a cika sunan jami'a, a bincika ko Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da sashen shari'arta. Majalisar nan ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗalibanta. In ba a bincika ba, yaro zai iya riƙe digiri a hannu ya rasa hanyar zama lauya.

Akwai kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma. Hukumomin tallafin karatu na jihohi sukan nemi wannan takarda, yawancinmu kuwa mun san wahalar samunta ga wanda aka haifa nesa da garin kakanninsa. Dattawa su taimaki iyaye a same ta tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare, kada a jira sai ana gobe rufe karɓar takardu.

Mu kuma rarrabe kyauta da bashi. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 rance ne marar ruwa, za a biya shi bayan hidimar ƙasa. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kuwa kyauta ne na digiri na biyu na shekara ɗaya, amma sai wanda ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki, kuma dole ya dawo gida bayan ya gama.

Wani dattijo zai ce aikin lauya aikin ƙarya ne, gara yaro ya karanta likita. To, ranar da dangin miji suka ƙwace gonar gwauruwa, wa muke nema? Ranar da aka ce filin majami'a ba shi da takarda, wa zai tsaya mana a kotu? Mukan tara baiko na musamman mu ɗauki lauyan da bai san harshenmu ba, bai kuma san zancen gadonmu ba.

Shawararmu ke nan. Kowace majalisar dattawa ta naɗa mutum biyu, malami ɗaya da uwa ɗaya daga zumuntar mata, su riƙe sunayen yara masu ƙwazo, su bi sanarwar tallafi, su duba takardu kafin a miƙa. Gunduma kuma ta ware asusu domin shekarar Makarantar Horar da Lauyoyi, a karanta lissafinsa a gaban jama'a, kada ya zama na 'ya'yan manya kaɗai. Wanda ya ci moriyarsa, in ya fara aiki, ya ɗauki wani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu hikima mu soma tun yau. Amin.