Sai Ranar Kofi Ake Tunawa Da Su

Ran 26 ga watan Yuli, 2025, a birnin Rabat, 'yan matan Nijeriya masu buga tamaula suka tafi hutun rabin lokaci Maroko na gaba da ci biyu, suka komo suka zura uku, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Kashegari babu gidan rediyon da bai ɗauki zancen ba. Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba kowacce lambar girma da gida da kuɗi kimanin dala dubu ɗari. Madalla. To, amma muna roƙon mai karatu ya tambayi kansa: tun daga ranar, sau nawa ya ji an karanta sakamakon gasar mata ta cikin gida a rediyo da Hausa?

Gasar nan kuwa tana nan tun 1990. Akwai Rivers Angels, inda Asisat Oshoala ta yi wasa kafin ta kai Barcelona, ta kuma zama gwarzuwar Afirka har sau shida. Akwai Bayelsa Queens da Edo Queens, akwai Nasarawa Amazons ta Lafiya a nan Arewa, wadda ta taɓa cin gasar. Amma ɗalibin da zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, da wuya ya kawo sunan mace ɗaya mai buga wa Nasarawa. Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Abin da kunne bai ji ba, zuciya ba ta ƙaunarsa.

Masu shirya labarin wasanni suna da amsarsu, mun kuwa san ta: wai jama'a ba su damu ba, su kuma abin da jama'a ke so suke sayarwa. Mu a ganinmu an juya zancen ne. Ba a haifi Bakatsine da son Arsenal ba. Rediyo da gidan kallon ƙwallo suka koya masa, mako bayan mako, har ya zama jiki. Wasa yana zama sana'a ne idan ana ba da labarinsa kullum: labari ya kawo 'yan kallo, 'yan kallo su kawo 'yan kasuwa masu talla, kuɗin talla ya zama albashi da likita da takardar yarjejeniya. In aka cire na farkon, sauran duka sun rushe, 'yar wasa ta koma jiran kyautar gwamna. Shi ya sa a 2016, bayan sun ci kofi a Kamaru, 'yan wasanmu suka ƙi fita daga masaukinsu a Abuja, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya don neman hakkinsu. Haka suka sake zaman dirshan a Faransa a 2019. Nan fa 'yan jarida suka yi caa, domin rigima labari ce. Albashin wata-wata na 'yar ƙungiyar jiha kuwa, wa ya bi kadinsa?

Kada a ce wannan ciwon ƙasashe matalauta ne. A Amurka akwai wata ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita ana kokawa, maza na samun miliyoyi a cikinta. Mata ma suna yinta. A 2009 aka kafa gasar Women's Football Alliance, inda mata ke sa cikakkun kayan kariya su yi wasan na gaske, amma akasarinsu da kuɗin aljihunsu suke biyan rajista da tafiya, bayan sun tashi daga wurin aiki. A wannan shekara dai aka buɗe wata gasar mai suna Lingerie Football League, watau mata su yi wasa da kamfai da rigar mama. Ku faɗa mana wadda talabijin ya fi rububi. Ta biyun mana! An sake mata suna a 2013, amma 'yan wasanta sun sha kukan rashin biya da rashin kulawa in sun ji rauni. Ashe ba kowane haske ne na alheri ba: an kalli jikinsu, ba a kalli wasansu ba.

A nan ne zancen ya iso gida. Uba a Wurma ko Kurfi da ya hana 'yarsa fita fili, abin da yake gudu ke nan, kada a mai da ita abin kallo. Ba mu ce tsoronsa wauta ba ne, kuma ɗalibin da ya koma ƙauye yana yi wa dattawa dariya a kan wannan bai san inda aka haife shi ba. Amma ya kamata uban nan ya ji cewa tun 2014 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta yarda mace ta yi wasa da lulluɓi, kuma a gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da nata. Ya kamata ya ji cewa akwai wani nau'in ƙwallon Amurkan wanda babu kokawa a ciki, sai dai a zare ƙyalle daga ƙugun abokin hamayya, cewa za a yi shi a wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles, kuma matan Nijeriya ne suka ci gasarsa ta Afirka a Alƙahira a 2025. Wa zai gaya masa in rediyon da ke rataye a kekensa bai gaya masa ba?

Yarinyar Wurma ba ta rasa ƙarfi ba. Wadda ta tashi tana daka da surfe da ɗaukar tulu, ta yi gaɗa da 'yar gala-gala har dare, ba za a koya mata juriya ba. Fili mai katanga ta rasa, da malama mai horarwa, da wanda zai ambaci sunanta da mutunci.

Mu ma 'yan jami'a ba za mu fake da laifin manyan gidajen jarida ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana nan tun 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita kusa da ita, kowacce cike da ɗalibai mata. Muna kira ga sakatarorin wasanni na ƙungiyoyin ɗalibai su ware wa mata ranarsu a fili, da alƙalan wasa mata in an samu, kana a rubuta sakamako da sunan wadda ta ci, kamar yadda ake yi wa maza. Gidajen rediyon Katsina kuma, masu ba Firimiyar Ingila sa'a guda, minti biyar kawai muke roƙo duk mako don gasar mata ta ƙasa. Ku kuma matasan ma'aikata da ke Ma'aikatar Ilmi da ta Wasanni, in takardar kasafin wasannin makarantu ta biyo ta teburinku, ku duba ko akwai layin makarantun 'yan mata a ciki kafin ku tura ta gaba.