Littafin Tsohuwar Na'ura Ba Takardar Ƙunsa Ƙosai Ba Ce

A shekarar 1732 wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi, wato jadawalin lambobi da jimlar kowane layinsa take zuwa daidai ta kowace fuska. Ya rasu a Alƙahira a 1741, amma har gobe masana na karanta aikinsa, domin waɗanda suka gaje shi sun adana. Abin takaici, mu jikokinsa muna watsar da littattafan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ba su wuce shekara hamsin ba.

Kafin kwamfutar tebur ta yawaita, jami'o'i da bankuna a ƙasashe da dama sun dogara ga matsakaitan na'urori masu girman kabad, irin su PDP-11 ta 1970 da VAX ta 1977, waɗanda kamfanin DEC na Amurka ya ƙera. Akan ba VAX umurni da wani harshe mai suna DCL. Mai aiki yakan jera umurnai cikin fayil, kowane layi ya fara da alamar dala, sai na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayanin harshen da na tsarin na'urar yana cikin kundaye masu cika kanta guda. A 1998 Compaq ya sayi DEC, a 2002 kuma HP ya haɗiye Compaq. Waɗanda suka iya harshen sun tsufa, kundayen kuwa gara ta ci wasu, wasu sun ƙare wajen mai ƙosai.

Mai karatu zai ce, ina amfanin littafin na'urar da ta mutu? Amsa ita ce, na'ura takan mutu, amma bayanan da aka zuba mata, kamar sakamakon jarrabawa da lissafin fansho, ba sa mutuwa. Wanda bai san harshen da aka sarrafa su da shi ba, tamkar wanda ya gaji akwati ne ba mabuɗi. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi ya sa yau mai neman bayanin DCL yakan dogara ga taskar Bitsavers, inda masu sa kai suka ɗauki hoton dubban kundaye shafi-shafi suka ajiye a intanet.

Saboda haka ina ba ɗakunan karatu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina shawara su ware kanta domin irin waɗannan kundaye, su kuma ɗauki hotonsu. Malamai su leƙa sito kafin a yi gwanjon tsofaffin kaya. Ku kuma ɗalibai, duk manhajar da kuka rubuta, ku rubuta bayaninta a gefe, domin wanda zai gaje ku ya san inda kuka dosa.